'Ya'yan kattan da sankarar mama: abin da na sayar wa Gwaggo da hannuna

A rumfata da ke kasuwar Kejetiya a Kumasi, kayan da suka fi tafiya su ne hulba, habbatus sauda, kanumfari, zuma da man zaitun. 'Ya'yan kattan kuwa, waɗanda masu shagunan magungunan Musulunci ke kira bazarul kattan, a da sai su yi wata uku a kwalba ba wanda ya tambaye su. Ga wanda bai san su ba, 'yan ƙananan iri ne masu sheƙi, sun ɗara riɗi girma kaɗan, akwai masu ruwan ƙasa akwai masu ruwan zinariya, in an jiƙa su sai su yi yauƙi kamar karkashi. A kantunan Gana za ka ga an rubuta flaxseed a jikin ledar, a Kwatano da Lome da Yamai kuma graines de lin.

Kwatsam sai wani saƙon murya ya fara yawo a wayoyin matan zango. Mai maganar ta ce likitocin Kanada sun gano cewa 'ya'yan kattan na kashe ƙwayoyin sankarar mama, amma asibitoci na ɓoyewa don kada kasuwarsu ta mutu. Cikin mako biyu kwalbata ta ƙare. Na yi odar buhu, shi ma bai daɗe ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗin cinikin. Duk wadda ta ce, "Hajiya, da gaske ne yana maganin daji?" sai in ce, "Haka dai ake faɗa." Ban ce eh ba, ban ce a'a ba, na karɓi kuɗina.

Cikin masu sayen har da Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni lokacin da aka kawo ni Kumasi ina amarya. Atamfa take sayarwa, ta ba hamsin baya da 'yan shekaru. Duk Juma'a sai ta aiko yaro ya karɓar mata leda guda. Na tambaye ta sau ɗaya, ta ce, "'Yar nan, bayan gida ne ke mini wuya." Na yarda, don kuwa yana taimakawa a wannan fannin.

Wata bakwai ana haka. Ran nan na je gaishe ta a Aboabo, na same ta a ɗaki ita kaɗai. Ta ce in tura ƙofa. Ta ɗaga rigarta ba tare da ta ce komai ba. Fatar mamanta na hagu ta yi ramuka-ramuka kamar ɓawon lemo, kan maman ya shige ciki, a hammatarta kuma akwai wani ƙululu mai tauri. Ta ce tun kafin azumi ta ji ɗan ƙululu kamar ƙwayar gyaɗa, ba ya ciwo. Ta ji saƙon nan, sai ta ce bari ta gwada wannan tukuna, ko Allah zai sa a rabu lafiya ba tare da wuƙa ba.

Na zauna a bakin gado, ƙafafuna sun ƙi ɗaukata. Kowace leda da ta sha, daga hannuna ta fito.

Abin da ke cikin irin

Washegari muka tafi asibiti. Amma tambayar ta ƙi barina barci: ƙarya ce tsagwaronta aka yi mana, ko akwai ƙamshin gaskiya a ciki? 'Yata ta biyu tana karatun harhaɗa magunguna a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, a nan Kumasi. Na ce ta nemo mini ainihin binciken da ake magana a kai, ta karanta mini da Hausa. Mun yi darare muna zama bayan sallar isha'i, tana karantawa ina tambaya. Ga abin da na fahimta.

Abubuwa uku ne suka ja hankalin masu bincike a kan 'ya'yan kattan. Na farko mai ne. Kusan kashi 40 cikin 100 na irin mai ne, kuma fiye da rabin man nau'in omega-3 ne na tsirrai. Na biyu shi ne yauƙin nan da ɓawon, masu sa bayan gida ya yi laushi. Na uku, wanda shi ne kan maganarmu, wani sinadari ne da ake kira lignan. Cikin abincin da ɗan Adam ke ci, ba wanda ya kai 'ya'yan kattan yawansa.

In mutum ya ci, ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke cikin hanji ne ke juya lignan ɗin zuwa wasu sinadarai biyu, enterodiol da enterolactone, waɗanda ke shiga jini. Siffarsu ta ɗan yi kama da istirojin, sinadarin da ke tafiyar da al'adar mace da girman mamanta. To, da yawa daga cikin sankarar mama da istirojin suke girma. 'Yata ta kwatanta mini da kwaɗo da makulli: a jikin ƙwayar cutar akwai kwaɗo, istirojin ne makullinsa, in ya shiga ya murɗa sai ƙwayar ta rabu biyu, biyu su zama huɗu. Sinadarin da ke fitowa daga kattan kamar makulli ne mai kama da na asali, yana iya shiga kwaɗon amma ba ya murɗawa da ƙarfi, kuma yana iya tare wa na asalin wuri. Wannan shi ne tunanin da ya sa aka fara gwaje-gwaje.

A faranti, da kuma a jikin ɓera

Gwajin farko a ɗakin gwaje-gwaje ake yi, a kan ƙwayoyin sankara da ake renonsu cikin ɗan faranti. Waɗanda aka fi amfani da su ana kiransu MCF-7. Daga jikin wata mata guda aka samo su a jihar Mishigan ta Amurka a farkon shekarun 1970, har yau jikokinsu ake rabawa duniya. An ga cewa in aka zuba musu enterolactone da yawa, saurin rabuwarsu na raguwa, wasu ma su mutu. A wasu gwaje-gwajen kuma, in aka zuba kaɗan inda babu istirojin, sai ya ɗan yi aiki irin na istirojin ɗin. Ke nan ko a farantin ma maganar ba fuska ɗaya gare ta ba.

Na ce, "To ai ga shi nan, yana kashewa." 'Yata ta ce, "Umma, ƙwayar da ke faranti ba ta da hanta, ba ta da ƙoda, ba ta da jinin da zai tsinka maganin. Ko ruwan gishiri mai kauri kika zuba mata za ta mutu. Abubuwa nawa ne suka kashe sankara a faranti, da aka zo kan mutum suka kasa?"

Daga faranti sai aka koma kan ɓeraye. Farfesa Lilian Thompson ta Jami'ar Toronto a Kanada da abokan aikinta sun shafe shekaru a wannan aikin. Suna dasa ƙwayoyin sankarar mama ta ɗan Adam a jikin ɓerayen da ba su da cikakken garkuwar jiki, sannan su ba wasu abincin da kashi 10 cikin 100 nasa 'ya'yan kattan ne. Ƙululun ɓerayen da suka ci ya fi jinkirin girma. Sun kuma duba ko zai ɓata aikin tamoxifen, ƙwayar maganin da ake ba mata masu sankarar da ke jin istirojin, suka ga a jikin ɓeraye bai ɓata ba, har ma ya ƙara masa ƙarfi. Labari ne mai daɗi, amma a lura da abu biyu: jinkirta girma aka gani, ba ɓacewar cuta ba, kuma ɓera ɓera ne.

Mata 32 na Toronto

Ga dukkan alamu, asalin saƙon da ya karaɗe zangonmu shi ne wani bincike da Farfesa Thompson da tawagarta suka wallafa a shekarar 2005. Sun ɗauki mata 32 da al'ada ta ɗauke musu, waɗanda aka gano suna da sankarar mama kuma suna jiran ranar tiyata. Mata 19 aka riƙa ba su ɗan kek mai gram 25 na 'ya'yan kattan a kullum, wato kusan cokali uku na cin abinci. Sauran 13 aka ba su kek mai kama da shi amma ba kattan a ciki. Su matan ba su san wanne suke ci ba, haka ma masu auna su. An yi haka na wata guda da 'yan kwanaki, har ranar tiyata, sannan aka gwada naman da aka cire da wanda aka ɗiba tun farko.

A cikin waɗanda suka ci kattan, ma'aunin saurin rabuwar ƙwayoyin cutar, wanda ake kira Ki-67, ya ragu da kusan kashi 34 cikin 100. Wata alama mai suna HER2, wadda ke nuna zafin cutar, ta ragu da kashi 71. Yawan ƙwayoyin da ke mutuwa da kansu ya ƙaru da kusan kashi 31. A ɗaya rukunin ba a ga irin wannan sauyin ba.

Wannan gaskiya ne, an yi shi, an rubuta, ba wanda ya ɓoye. Amma ga abin da mai saƙon muryar ba ta faɗa ba: duka matan 32 an yi musu tiyata. Ba a ba ko ɗaya kattan a madadin asibiti ba. Ba a ce ƙululun wata ya ɓace ba. Binciken bai auna wa ta rayu wa ta rasu ba. Alamomi kawai ya auna a cikin nama, na wata ɗaya. Mu 'yan kasuwa mun san wannan: in aka buɗe maka bakin buhu ka ga hatsi mai kyau, alama ce mai kyau, amma ba za ka biya kuɗin tirela guda a kanta ba. Cinikin biri a sama ke nan.

An yi wasu binciken bayan wannan. A lardin Ontariyo na Kanada, wani da aka wallafa a 2013 ya tambayi kusan mata 3,000 masu cutar da wasu fiye da 3,000 marasa ita game da abincinsu, aka ga masu cin 'ya'yan kattan haɗarin kamuwarsu ya yi ƙasa da kusan kashi 18 cikin 100. A Jamus, wani na 2011 ya ga cewa masu cutar da ke da enterolactone mai yawa a jini sun fi daɗewa a raye. Sai dai irin wannan bincike ba ya iya tabbatar da cewa kattan ne sanadi. Macen da ke cin kattan a Kanada wataƙila ita ce mai motsa jiki, mai cin ganye, mai zuwa awo a kan lokaci.

Sannan ga wanda ba a yaɗa shi a waya. A 2020, Dakta Carol Fabian ta Jami'ar Kansas a Amurka da abokan aikinta sun wallafa gwajin da suka yi da mata 180 masu al'ada, waɗanda ke cikin haɗarin kamuwa da cutar. An ba wasu tataccen lignan na kattan, miligram 50 a kullum har shekara guda, wasu kuma ƙwayar da ba komai a ciki. Da aka auna Ki-67 a ƙarshe, ba a sami wani bambancin a zo a gani tsakanin rukunin biyu ba. Ya fi na Toronto yawan mata, ya fi shi tsawon lokaci, amma ba wanda ya turo mana shi.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Sankarar mama ba iri ɗaya ba ce. Akwai nau'in da ba shi da kwaɗon istirojin, ba shi da na furojestaron, ba shi da HER2, kuma yana da saurin yaɗuwa. Wannan nau'in ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da matan Turai. Ba a gane wane nau'i mace ke da shi da ido ko da taɓawa, sai an ɗebi ɗan nama an gwada. Wadda ke shan kattan a ɗaki ba ta ma san da wa take faɗa ba.

Abin da ke kashe mu

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata miliyan 2.3 aka gano suna da sankarar mama, 670,000 kuma suka rasu. A ƙasashe masu arziki, fiye da kashi 90 cikin 100 na masu cutar suna raye bayan shekara 5. Wani bincike da aka wallafa a 2020, wanda ya bi mata fiye da 2,000 a Namibiya, Najeriya, Afirka ta Kudu, Yuganda da Zambiya, ya ga rabinsu ne kawai ke raye bayan shekara 3. A asibitocin Najeriya da binciken ya shafa, kashi 36 ne cikin 100. Ba don matan Turai sun fi mu cin kattan ba ne. Babban dalili shi ne mu muna zuwa asibiti a makare, in mun fara magani kuma da yawa ba ma kai shi ƙarshe. Shi ya sa shirin da hukumar ta ƙaddamar a 2021 ya sa buri uku: a gano aƙalla kashi 60 na masu cutar tun tana mataki na 1 ko na 2, a kammala gwaje-gwaje cikin kwana 60 daga zuwan mace asibiti, kuma kashi 80 su kammala maganinsu.

Mu da muke zaman ci-rani muna da namu ƙarin dalilan jinkiri. Na tambayi Gwaggo me ya hana ta magana. Ta ce tsoron a yanke mata mama. Ta ce wa zai zauna mata a rumfa? Ta ce a asibiti Turanci da Asantanci ake yi, ita kuma kunya take ji ta buɗe ƙirjinta a gaban tafinta. Katin inshorar lafiyarta ya daɗe da ƙarewa ba ta sabunta ba. Sannan tana ta cewa bari ta jira bayan sallah ta je gida a duba ta a can. Kowane dalili in ka ɗauke shi shi kaɗai ƙarami ne. Da suka taru sai suka zama wata bakwai. Kattan ɗin da nake sayar mata shi ya ba ta kwanciyar hankalin cewa ai tana yin wani abu.

Likita ya ce cutarta ta kai mataki na 3, ta taɓa hammata amma ba ta kai huhu ko ƙashi ba. An yi mata ƙarin ruwan kemo, gashinta ya zube, ta rame har zobenta na faɗuwa. Aka yi tiyata aka cire maman, sannan aka yi mata gashi da na'ura. Gwajin naman ya nuna nata mai jin istirojin ne, don haka yanzu tana shan ƙwaya ɗaya kullum, za ta yi shekaru tana sha. Atamfofinta da yawa sun tafi a kuɗin magani. Likitan bai yi mata faɗa ba, abin da ya ce kawai shi ne da ta zo lokacin da yake kamar ƙwayar gyaɗa, da wataƙila ƙululun kaɗai za a cire a bar mata mamanta. Alhamdulillahi tana nan da ranta, ta koma rumfa rabin yini.

To, a daina ci ne?

A'a. Abinci ne mai kyau, mutanen Habasha sun daɗe suna dama shi su sha, suna kiransa telba. Gwaggo da kanta ta tambayi likitanta, ya ce tana iya zuba cokali ɗaya ko biyu a kokonta a matsayin abinci, amma ta ba da tazarar awa biyu tsakaninsa da ƙwayoyinta, don yauƙin na iya rage shigar magani jiki. Wannan amsar tata ce. Kowace mai jinya ta tambayi nata likitan.

Ga masu son ci don lafiya, ga abin da na koya. A niƙa shi, domin in aka haɗiye shi da ɓawonsa yawanci haka yake fita. A niƙa kaɗan-kaɗan, don zafin ƙasashenmu na saurin ɓata mansa. In ya fara wari ko ɗaci a zubar. A fara da ƙaramin cokali, a sha ruwa sosai, in ba haka ba ciki zai kumbura. Man kattan na kwalba ba shi da lignan sosai, a cikin garin yake. Mai shan maganin tsinka jini, ko na suga, ko na hawan jini, da mai ciki da mai shayarwa, su nemi shawarar likita tukuna. Kada kuma a kwaɓa shi a shafa a kan ƙululu ko gyambon mama.

Abin da ya fi wannan duka muhimmanci: 'yar'uwa, ki san mamanki. In kin ji ƙululu a mama ko a hammata, ko da ba ya ciwo. In fata ta lotsa ko ta yi kamar ɓawon lemo. In kan mama ya shige ciki ko yana fitar da jini. In ɗaya ya sauya siffa, ko wani ciwo ya ƙi warkewa, ki je asibiti a makon nan, a garin da kike. Yawancin ƙululu ba sankara ba ne, amma gwaji ne kaɗai zai faɗa. Ki tafi da wadda kika yarda da ita mai jin harshen wurin. In an fara miki magani a gari ɗaya, kada ki katse don tafiyar fatauci ko biki; in tafiya ta zama dole, ki karɓi takardunki duka ki tafi da su.

Alhazai, ku ma da ku. Mace da yawa tana ɓoyewa ne don tsoron abin da maigida zai ce, ko yadda zai dube ta bayan tiyata. Kalma ɗaya daga bakinku, "tashi mu je a duba," tana iya zama sanadin rayuwarta. Ku sani kuma maza ma na kamuwa da ita, ko da yake ba su da yawa.

Ni dai har yanzu ina sayar da 'ya'yan kattan, sai dai buhu yakan daɗe bai ƙare ba. Duk wadda ta tambaye ni ko yana maganin daji, ba na ƙara cewa "haka ake faɗa." Nakan ce mata abinci ne, ba ya warkar da sankara, sannan in rage murya in tambaye ta, "Akwai abin da kika ji a jikinki ne?" Wasu su yi dariya su ce a'a. Mata biyu sun yi shiru, suka sunkuyar da kai. Ɗaya na rufe rumfa na raka ta asibiti da kaina, aka gwada aka ce nata ba sankara ba ne. Ɗayar ta ce za ta dawo, ba ta dawo ba. In Allah ya sa tana karanta wannan, ko wani nata yana karanta mata: 'yar'uwa, rumfata na nan inda kika same ta, ki zo mu je tare.